Daga Mazari Zuwa Zanen 'Ya'yanmu

Tunda ƙungiyarmu ta sake zagayowar shekara, bari mu waiwaya baya kaɗan, mu ga inda sana'ar tufafi ta samo asali a ƙasar Kabi.

Mu da muka kai arba'in mun tarar da kakanninmu da mazari a hannu. Su gurje auduga a raba ta da angurya, su shiɓe ta, su shafa alli a yatsa su kama kaɗi. Zare da abawa a kai wa masaƙa, a fito da gwado ko zane. In ana son baƙi sai marina, inda baba da toka suke jiƙe a karofi. Duk abin da ya shiga tufar nan daga gona ya fito, in ta tsufa kuma ƙasa ta cinye ta.

Aikin nan ya daɗe. Wani Bature matafiyi, Barth, ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya kuma yaba kyan saƙar mutanen Gwandu a littafinsa. Sai masaƙun zamani suka zo. An buɗe ta Kaduna a 1957, atamfa ta yi araha, mazari ya koma ƙarƙashin gado. Daga baya su ma masaƙun suka durƙushe. Yau yawancin yadin da muke sayarwa a kasuwa daga Chana yake, mai roba-roba, ga zafi a jiki, ga shi ba ya ruɓewa a juji.

To mu ina muka shigo? A ajinmu na yaƙi da jahilci ne. Muna fama da baƙaƙe, yaran da suka biyo mu suna can gefe suna zana kifi da gora da homa a bayan littattafanmu, irin abin da suke gani a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934. Wata daga cikinmu ta ce, "Yaya, me zai hana mu ɗora kifin nan a kan zane?" Muka yi dariya, amma muka gwada. Muka ɗinke zanen yaron da zare a kan farin ƙyallen auduga, muka tsuke, aka rina. Da aka warware, sai ga kifi fari fes a cikin shuɗi, da karkataccen bakinsa yadda yaron ya yi shi. Manyan mata suka saya suka ɗaura.

Sai dai masu iya kaɗi sun tsufa, kuma ba mu koya ba. Don Allah duk mai tsohuwa a gida ta zauna kusa da ita da 'ya'yanta mata, kafin a rasa mai nuna mana. Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a neman kowa, amin.