Fargabar Ɗaliban Jinya a Gaban Mutum-mutumi

A harabar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma mutanen Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni ke kira Asibitin Malam, ake horar da ɗaliban jinya na makarantar asibitin da na Jami'ar Bayero. Ƙa'idar wannan fanni ita ce ɗaliba ta fara gwada hannunta a kan mutum-mutumi kafin ta taɓa majinyaci: yin allura, sa ƙarin ruwa, danna ƙirji don farfaɗo da zuciya. Dabarar ta daɗe. Tun 1911 asibitin Hartford a Amurka ya fara koyarwa da 'yar tsana mai girman mutum, a 1960 kuma kamfanin Laerdal na ƙasar Norwe ya fito da mutum-mutumin Resusci Anne.

To me zai sa hannun ɗaliba rawa a kan robar da ba ta jin zafi? A ganina idanun da ke kanta take tsoro. Ga malama riƙe da takardar maki, ga 'yan aji sun yi da'ira. Ta ɗauki sirinji, sai ta tuna ba ta wanke hannu ba. Ta ga biron malama ya motsa, daga nan komai ya ɓace mata. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake sunkuyar da kai gaban babba, dizgi a bainar jama'a ya fi mata faɗuwa jarrabawa ciwo.

Jarrabawar ma da nata laifin. Tsarin OSCE, wanda Ronald Harden ya gabatar a Dandi ta Sikotlan a 1975, yana cikin jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya: tasha bayan tasha, kowace da 'yan mintunanta. Muddin ɗaliba ba ta san mutum-mutumi ba sai ta wannan fuska, ganinsa kaɗai zai faɗar mata da gaba.

Wasu malamai za su ce ai ɗakin majinyata ba ya lallashi, gara ta saba tun yanzu. Da gaskiyarsu: ɗan zullumi kan wasa hankali, kamar yadda Yerkes da Dodson suka nuna tun 1908. Amma binciken nasu ya kuma nuna cewa a aiki mai wuya, matsin da ya wuce kima ɓata koyo yake yi.

Maganin bai buƙatar kuɗi da yawa. Jenny Rudolph da abokan aikinta sun yi bayani a 2014 kan zaman share fage: a faɗa wa ɗalibai abin da za a yi, a bar su su taɓa kayan, a yi alkawarin kuskure ba zai fita daga ɗakin ba. Nan Kano sai a ƙara da ware ranakun atisaye da babu maki sam, a rage taron zuwa mutum huɗu ko biyar, a hana ɗaukar bidiyo da waya. Bayan atisaye a tambayi ɗaliba me ta hango da ta yi kaza, maimakon a lissafa mata laifi.

A kuma bar ta ta yi wa mutum-mutumin magana da Hausa. Mafi yawan waɗanda za ta yi jinya da Hausa za su faɗi ciwonsu, kuma neman izinin dattijuwa kafin a buɗe mata jiki shi ma sai an koya.