Reggae da Hausawan da Teku ta Raba Mu da Su

A tashar motar Wudil, kamar sauran tashoshin ƙasar Kano, an san muryar Bob Marley da ta Lucky Dube tun zamanin kaset. Duk da haka reggae bai zama ɗan gida ba, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Aƙidar Rastafari ta kai Sarki Haile Selassie na Habasha matsayin da Musulmi ba zai lamunta ba, ga wiwi, ga cukurkuɗaɗɗen gashi. Shi ya sa lokacin da mawaƙin reggae Majek Fashek yake tashe a Legas a 1988, matasan Kano karin waƙoƙin Indiya suke kwaikwayo, kuma shi suka shigo da shi cikin finafinan Hausa bayan 1990.

A nan yawancinmu muke rufe zancen, kuma a ganina mun yi gaggawa. An haifi reggae a Kingston ta Jamaika a ƙarshen shekarun 1960, a unguwannin jikokin bayi. Daga can ya ƙetara zuwa Salvador ta jihar Bahia a Birazil, inda makaɗan Olodum, ƙungiyar da aka kafa a 1979, suka gauraya shi da samba, aka sami samba-reggae. To, Bahia kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa masu yawa hannun fataken bayi, aka gangara da su bakin teku, aka loda su a jiragen ruwa zuwa can. Ba su zauna lafiya da bauta ba. An gano shirinsu na tawaye a 1807, suka tashi a 1809, suka sake tashi a 1814 a Itapuã ta yankin Salvador. Ko a babban boren Musulmi na 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, akwai Hausawa, kamar yadda masanin tarihi João José Reis ya nuna a littafinsa, har an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. A Itapuã ɗin nan aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê a 1979, ta ɗauki sunanta daga waɗancan Musulmi da ake kira Malê.

Ba ina cewa kalangu ne ya haifi gangunan Bahia ba. Hujjata ita ce, ƙwacen 'yanci da kewar gida da wannan kiɗa yake kuka da su sun shafi mutanen da aka kama daga ƙasarmu, masu jin harshenmu. Mutum yana iya ƙin aƙidar Rasta ɗungurungum, ya kuma gane cewa labarin nasa ne. Abin takaici, makaɗan Salvador suna tuna waɗannan bayin Allah a bukukuwansu, ɗalibi a Wudil kuwa yana iya gama sakandare bai ji labarinsu ba. Ya kamata sassan Tarihi da na Harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero su sa tawayen Hausawan Bahia cikin darussansu, a kuma fassara littafin Reis zuwa Hausa.