Cututtukan fumfuna a furen wardi

Cututtukan fumfuna na daga cikin manyan matsalolin da ke addabar furen wardi a lambuna. Suna kama ganye da rassa da toho, suna rage yawan furanni, kuma idan suka daɗe sukan raunana shukar. Guda uku ne suka fi yaɗuwa.

Baƙin tabo

Fumfunar Diplocarpon rosae ce ke haddasa shi. Baƙaƙen tabo masu zagaye suna fitowa a saman ganye, daga nan ganyen ya koma rawaya ya kaɗe. Ƙwayoyin cutar na buƙatar ganye ya kasance a jiƙe na kusan awa 7 kafin su kama shi, kuma fantsamar ruwa ce ke yaɗa su. Shi ya sa cutar ta fi tsananta a lokacin ruwan sama.

Farin gari

Podosphaera pannosa ce ke kawo shi. Wani abu fari kamar garin fulawa yakan rufe sabbin ganye da toho, ganyen kuma ya nannaɗe. Ba ya buƙatar jiƙaƙƙen ganye. Ya fi bunƙasa idan rana ta yi ɗumi, dare kuma ya yi sanyi da laima.

Tsatsa

Nau'o'in Phragmidium ne ke jawo ta. Ana gane ta da ƙananan ƙuraje masu launin lemo a ƙarƙashin ganye, waɗanda daga baya suke yin baƙi.

Rigakafi da magani

Ana dasa wardi a inda rana ke samu sosai, tare da barin tazara domin iska ta ratsa. Ana ba da ruwa a gindi da safe, ba a kan ganye ba. Ganyen da ya kamu ko ya zuba ana kwashe shi a ƙone, saboda ƙwayoyin cutar kan ɓoye a ciki har zuwa wata kakar. Zaɓen iri mai juriya, kamar Rosa rugosa, yana rage matsalar.

Magungunan feshi sun haɗa da farar wuta, da magunguna masu sinadarin tagulla, da mancozeb, da man darbejiya. Yawancinsu kariya suke bayarwa, ba sa warkar da ganyen da ya riga ya kamu, don haka akan fara feshi da wuri. Farar wuta kan ƙona ganye idan aka fesa ta cikin tsananin zafi.