Yadda Ake Gano Hawan Matsi Cikin Ƙoƙon Kai Ta Hanyar Sikanin Ido

Jama'a, ni injiniya ne, kuma na'urorin asibiti ne fannina. Duk da haka, ranar da ɗana ya faɗo daga keke kansa ya bugu da ƙasa, muka kai shi sashen gaggawa, sai da gabana ya faɗi da na ga likita ya ɗora masa na'urar sikanin a kan ido. Mahaifiyarsa ta ce, "Kai ne ya bugu, me ya kai su ido?" Ga amsar, don amfanin iyalanmu.

Ƙoƙon kan babba rufaffen akwati ne, ba ya buɗawa. Idan jini ya zuba a ciki, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura saboda rauni, ƙari, ko sanƙarau, matsi yana hawa har ya hana jini isa ƙwaƙwalwa. Matsin lafiyayyen babba a kwance kan tsaya tsakanin 7 zuwa 15 a ma'aunin milimitar zaiba. Idan ya haura 20 ya daɗe a can, likitoci kan tashi tsaye.

Jijiyar gani tana fitowa daga bayan ƙwayar ido ta shige ƙwaƙwalwa, a cikin wani kube kamar na wuƙa. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana kwarara har cikin kuben nan. To, idan matsi ya hau, sai kuben ya buɗe, kamar tiyon da aka ƙara wa ƙarfin famfo. A shekarun 1996 da 1997 likitoci biyu a Jamus, Hansen da Helmke, sun nuna cewa wurin da ya fi buɗewa shi ne milimita 3 daga bayan ƙwayar ido. Nan ake aunawa.

Majiyyaci zai rufe ido, a shafa man sikanin a kan fatar, a ɗora na'urar a hankali ba dannawa. Babu yanka, babu allura, kuma cikin 'yan mintoci an gama. A wurin babba, faɗin da ya wuce milimita 5 zuwa 6 alama ce ta hawan matsi. Ana rage ƙarfin na'urar don kare ido, kuma ba a yin gwajin idan ana zargin ƙwayar idon ta fashe.

Amma fa a lura, gwajin nuni kawai yake yi. Ba ya faɗin musabbabi, kuma sakamakonsa ya dogara da ƙwarewar mai aunawa. Hoton CT shi ke nuna abin da ya faru, ainihin awon matsin kuwa sai an saka siririn bututu cikin kai.

Namu yaron awonsa ya fito daidai, aka kwantar da shi kwana ɗaya aka sallame mu. Shawarata ita ce, duk wanda kansa ya bugu sannan ya shiga amai, ko magagi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko gani biyu-biyu, a garzaya da shi asibiti, kada a ce bari gari ya waye.