Labarin Ibn Haldun Da Dalilin Faɗuwar Dauloli

A manyan makarantun jami'a akwai wani fanni da a ke karantarwa, ana ce da shi ilmin zaman jama'a. Wani Bafaranshe, Ogus Kont, shi ya raɗa masa suna cikin 1838. Amma fiye da shekara 450 kafin wannan, wani malamin Afirka ta Arewa ya riga ya share fagensa. Ga labarinsa, ku 'yan makaranta.

An haifi Abdurrahman ibn Haldun a birnin Tunis cikin 1332. Yana saurayi annoba ta auka wa ƙasar cikin 1348, ta ɗauke uwa tasa da ubansa da malamansa da dama. Daga nan ya shiga bautar sarakuna. Ya yi aiki a fadar Fas, har Sarkin ya ɗaure shi wajen shekara biyu. Ya yi a Garnata ta ƙasar Andalus, inda aka aike shi jakada wurin Sarkin Kastila. Ko'ina ya je sai ya ga abu ɗaya: yau wannan gida ke da mulki, gobe an kore su.

Da ya gaji, cikin 1375 ya koma wani keɓaɓɓen wuri, Ƙal'atu Ibn Salama, a ƙasar da yanzu a ke kira Aljeriya. Nan ya zauna yana tunani, har cikin 1377 ya rubuta littafin da a ke kira Muƙaddima, watau gabatarwa ga babban littafinsa na tarihi.

To, me ya gano? Ya ce tushen mulki shi ne asabiyya, watau haɗin kai irin na 'yan'uwa. Mutanen daji, da ya ke sun saba da yunwa da wahala, kowa ya dogara ga ɗan'uwansa, sai su ci birni da yaƙi. 'Ya'yansu su tashi cikin daula, amma suna tuna wahalar iyayensu. Jikoki kuwa ba su san kome ba sai tufafi masu tsada da gidaje masu kyau. Su kan yi hayar sojoji su tsare su, su ƙara wa talakawa haraji don su biya. Haraji in ya yi nauyi, manomi ya rage noma, ɗan kasuwa ya rufe rumfa, baitulmali ya ƙara bushewa. Ana nan sai wasu mutanen daji su taso, su yi musu yadda kakanninsu suka yi wa na farko. A lissafinsa, daula ba ta cika wuce tsara uku ba, wajen shekara 120.

Ya kuma gargaɗi masu rubuta tarihi kada su karɓi labari sai sun auna shi da hankali. In an ce rundunar sarki kaza ta kai dubu ɗari shida, sai a tambaya, ina abincinsu, ina filin da zai ɗauke su?

Cikin 1382 ya tafi Masar, aka naɗa shi babban alkalin Malikiyya. Iyalinsa suka biyo shi a jirgin ruwa, jirgin ya nutse kusa da Iskandariyya. Cikin 1401, da Taimur ya kewaye Dimashƙa da yaƙi, aka saukar da tsohon nan da igiya daga kan ganuwa, ya je suka gana. Ya rasu a Alƙahira cikin 1406. Jerin sarakunan Mali da ya rubuta, har da Mansa Musa, masana suna dogara gare shi har yau.

Ku tafi wurin tsofaffin garinku ku tambayi labarin gidajen sarautar da suka shuɗe, sa'an nan ku auna abin da kuka ji yadda malamin nan ya koyar. Allah ya amfane mu da ilmi, amin.