Tarihin Auna Ƙurar Nano a Wuraren Aiki

Ƙurar nano ƙwayoyi ne masu yawo a iska waɗanda girmansu bai wuce nanomita 100 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Suna cikin hayaƙin walda da na injin dizal, da kuma masana'antun da ke sarrafa hodar sinadarai. Ido ba ya ganinsu, amma suna kaiwa can ƙuryar huhu.

John Aitken, mutumin Sikotlan, shi ya fara ƙirga irin wannan ƙura a wajajen 1888, ko da yake hazo da gajimare ne damuwarsa. Yakan rufe iska mai danshi a ɗan mazubi, ya sassauta matsinta farat ɗaya. Da ta yi sanyi sai tururi ya taru a jikin kowace ƙwaya ya zama ɗigon ruwa, ɗigon ya faɗo kan faranti mai layuka, shi kuma ya bi da gilashi yana ƙirgawa. Na'urorin ƙirge na yau ma wannan dabarar suke bi, sai dai hasken leza ne ke yin aikin idon Aitken.

Mutuwar mahaƙa ce ta kai awon cikin ramukan ma'adinai. A mahaƙar zinare ta Afirka ta Kudu ƙurar dutse tana cinye huhun ma'aikata da cutar silikosis, shi ya sa Robert Kotzé ya fito da konimita a 1916: 'yar na'ura mai zuƙo iska ta buga ta kan gilashi mai danƙo, a je a ƙirga abin da ya maƙale. Aiki ne mai gajiyar da ido, kuma mutum biyu ba safai ƙirgensu ke zuwa ɗaya ba. Bayan wani taron masana da aka yi a Johannesburg a 1959 hankali ya koma ga auna nauyin ƙurar da matata ta tare.

Nauyi ya yi wa mahaƙan kwal amfani ƙwarai, amma yana ɓoye ƙananan ƙwayoyi. Ƙwaya ɗaya mai mikromita 10 nauyinta ɗaya da ƙwayoyi biliyan masu nanomita 10 na abu iri ɗaya. A farkon shekarun 1990 Günter Oberdörster da Juraj Ferin, a Jami'ar Rochester ta Amurka, suka shaƙa wa ɓeraye titaniyam dayoksaid, farar hodar nan da ake sa wa fenti. Mai nanomita 20 ta fi mai 250 kumbura huhu nesa ba kusa ba, alhali nauyin da aka ba su kusan ɗaya ne. Wannan binciken ya cancanci girmamawa, domin shi ya tilasta wa masana su sake duban yawan ƙwayoyi da faɗin jikinsu.

Gwaji irin wannan ba ya yiwuwa sai an iya ƙera ƙurar da aka san girmanta. A 1975 Knutson da Whitby, a Jami'ar Minesota, suka kyautata na'urar da ke tace ƙwayoyi masu cajin lantarki gwargwadon girmansu. A 1988 Schmidt-Ott da abokansa suka nuna yadda tartsatsin lantarki tsakanin sanduna biyu na ƙarfe ke haifar da ƙurar nano tsantsa. Wang da Flagan suka gaggauta tacewar a 1990, awon da kan ci lokaci mai tsawo ya dawo na 'yan mintuna.

Ƙa'idoji dai sun fi kimiyyar nawa. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar miligiram 0.3 a kowace mita kubik ga hodar titaniyam mai laushin nano a 2011, da maikrogiram 1 ga siraran bututun kabon a 2013, duka da ma'aunin nauyi, kuma shawara ce, ba doka ba. Jamus da Holan suka gwada ma'aunin ƙirge, ƙwayoyi 20,000 ko 40,000 a santimita kubik gwargwadon nauyin sinadarin. Matsalar da ta rage ita ce na'urar ƙirge ba ta bambanta hayaƙin motar ɗaukar kaya da hodar da ake sarrafawa, don haka har yanzu dole a kai matatar ɗakin bincike a duba ta da madubin ilektiron.