Hankali da Zuciya a Tarihin Labaran Al'ajabi na Yara a Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

Labaran al'ajabi su ne ƙagaggun labarai da ake ginawa a kan abin da ba ya aukuwa a zahiri, kamar dabba ta yi magana ko gida ya tashi sama. Wannan maƙala ta bi diddigin jigo guda a cikinsu, wato takaddamar hankali da zuciya, domin nuna cewa marubutan da suka yi fice ba su fifita ɗaya a kan ɗaya ba.

2.0 Zamanin Fifita Hankali

A ƙarni na 18 masana tarbiyya a Turai sun ɗauki tatsuniya a matsayin abin da ke gurɓata tunanin yaro. A littafinsa Émile (1762), Rousseau ya soki koya wa yara labaran dabbobi na La Fontaine, ya zaɓa musu Robinson Crusoe. A Ingila kuwa, Sarah Trimmer ta yi amfani da mujallarta The Guardian of Education (1802 zuwa 1806) wajen gargaɗin iyaye a kan tatsuniyoyi, bisa hujjar cewa suna cusa tsoro da ƙarya. Charles Dickens ya ƙalubalanci wannan ra'ayi a Hard Times (1854), inda Gradgrind ya reni 'ya'yansa a kan bayanai tsagwaronsu, rayuwarsu ta lalace.

3.0 Baum da Daidaita Ɓangarorin Biyu

Littafin da ya fito da jigon ƙarara shi ne The Wonderful Wizard of Oz na L. Frank Baum, wanda aka buga a Shikago a 1900. Yarinya Dorothy ta haɗu da Mutum-mutumin gona mai neman ƙwaƙwalwa, da Mai Saran Itace, wanda jikinsa na gwangwani ne, mai neman zuciya. Sun yi gardama a kan wadda ta fi, Dorothy ta kasa raba su.

Abin lura shi ne kowannensu yana da abin da yake nema tun farko. Mutum-mutumi ne ya kawo dabarar sare itace a yi gada a kan rami. Mai Saran Itace kuwa ya taka ƙwaro bisa kuskure, ya yi ta kuka har muƙamuƙinsa ya yi tsatsa. Tafiyar ba ta yiwuwa da ɗayansu kaɗai. Daga ƙarshe bokan Oz, wanda ashe mayaudari ne, ya cusa wa na farko dusa da allurai a ka, ya sanya wa na biyu zuciyar alharini. Ke nan ba baiwar suka rasa ba, yarda da kai suka rasa.

Bayan shekara 62, Madeleine L'Engle ta sake ɗaukar jigon a A Wrinkle in Time (1962). Mugun labarin ƙwaƙwalwa ce zalla mara jiki, kuma da ƙauna Meg ta ƙwato ƙanenta daga hannunta. Duk da haka Meg gwanar lissafi ce, iyayenta masana kimiyya. Abin zargin shi ne ilimin da babu tausayi a cikinsa.

4.0 Kammalawa

Akwai darasi a nan ga mai fassara. Baum ya raba tausayi da jarumta, ya ba Zaki neman ta biyun. A Hausa kuwa kalmar zuciya ta game tausayi da ƙarfin zuciya da fushi da son zuciya, shi ya sa sau da yawa ake yabon wanda hankalinsa ya rinjayi zuciyarsa. Wanda ya mayar da labarin zuwa Hausa ba tare da lura da wannan ba, zai iya juya ma'anarsa, yaro ya ɗauka Mai Saran Itace abin da ya kamata a danne yake nema.